Wayar Ƙarshe ta Mai Lilo

Kowace safiyar Litinin da Alhamis, kafin masu shara su gama da baranda, Auta kan buɗe ɗakin gwajin da ke ƙarshen bene ta shayar da filas. Yayarta ce ta sa wa abin wannan suna, shayarwa, kuma Auta ta gaji da musu ta bar mata. Takan sa safar hannu mai kauri, ta ɗaga murfi, ta kafa mazurari, ta tsiyaya ruwan naitirojin a hankali. Farin tururi ya tumbatso ya gangaro ta gefen filas ɗin, ya bi ƙasa yana lasar takalmanta. Sanyin ruwan nan ya wuce duk sanyin da jikin ɗan Adam ya sani. In ya ɗiga a tayil sai ya yi ta rawa kamar ruwa a kasko mai zafi kafin ya ɓace. A can ƙasan filas ɗin, cikin wani ɗan kwando, akwai waya siririya da ba ta fi tsawon tafin hannu ba. Ita ce abu na ƙarshe da mijinta ya yi da hannunsa.

Mai Lilo ake ce masa a sashensu na jami'a, tun daga maigadi har shugaba, saboda na'urar da ya ƙare ƙuruciyarsa a gabanta. Na'urar ba ta da wani kwarjini. Bututun ƙarfe ne a tsaye, tsawon mutum, a cikinsa ake rataye waya, a ƙasan wayar a ɗaura sanda mai nauyi da ɗan madubi. Sai a murɗa wayar kaɗan a sake ta. Sandar ta juya dama ta dawo hagu, madubin yana wurga ɗigon haske a jikin ma'auni, har lilon ya gaji ya tsaya. Aikin ke nan: a ga wace waya ce ke daɗewa tana lilo, wacce ce ke saurin yin shiru, kuma me ya sa.

Ranar da Auta ta fara shiga ɗakin, tana ɗaliba, sukudireba ta zo ara. Ya dube ta ta saman tabarau, bai ko amsa gaisuwa ba ya jawo mata kujera.

"Ƙarfe fa ba curi ba ne yadda kike ganinsa," in ji shi. "Gida ne, ƙwayoyinsa a jere, tsakaninsu lunguna. Haidirojin kuwa shi ne autan duk ƙwayoyin duniya, ba lungun da ba ya shiga. In kin murɗa waya, wasu lungunan su matse, wasu su buɗe. Shi kuma ba ya son matsi, sai ya yi tsalle ya koma inda ya buɗe. Waya ta juya, ya sake tsalle. Kowane tsalle sai ya ci wani abu daga ƙarfin lilon. Shi ya sa wayar da ta sha haidirojin take saurin yin shiru."

"Malam, ni fa sukudireba na zo ara."

"Tsaya, ban gama ba. In sanyi ya yi yawa, daskarewa yake yi, ba tsalle. In zafi ya yi yawa, saurinsa ya wuce na lilon, ba sa haɗuwa. Amma akwai wani wuri a tsakani da tsallensa ke zuwa daidai da juyin lilon. A nan ne yake shanye girgizar. In kin zana shi a takarda sai ki ga layi ya tashi ya yi tozo ya sauka. Wai ma ya sunanki?"

"A gida Auta ake ce mini."

Ya ɗora hannu biyu a ka. "Shi ke nan, na shiga uku. Wata autar ta shigo."

Ta fita ba sukudireba, tana ta jin haushinsa har ƙasan bene. Bayan shekara biyu aka ɗaura musu aure, kuma har ya bar duniya bai daina tuna mata cewa ita ce ta fara zuwa wurinsa ba.

Mutum ne mai surutu, mai saurin fushi, mai saurin huce. In ya dawo gida yana tafasa, ita takan zauna kusa da shi ne kawai har ya yi ta juyi ya gaji. Wata rana ya ce mata, rabi wasa rabi gaske, ita ce ke shanye masa girgiza. Ta ce ya yi mata shiru, ba ta son soyayyar ɗakin gwaji. Amma ta riƙe maganar.

Tozon farko kowa ya san shi a fagensu. Yana can cikin matsanancin sanyi, inda ba injin da ke aiki, ba mutumin da ke rayuwa, don haka ba shi da amfani sai a takarda. Shi Mai Lilo, a wani haɗin ƙarafa da ya narka da kansa, ya ga tozo na biyu, a daidai ɗumin jikin mutum. In gaskiya ne, to an samu ƙarfen da zai riƙa shanye girgiza a inji da gada da gadon asibiti, ba sai an daskarar da shi ba. Ya kai maganar wani babban taro. Wani dattijo mai suna a fagen ya miƙe ya ce wannan ba tozo ba ne, noti ne ya kwance a na'urarsa. Zauren ya yi dariya. Daren ranar bai ci abinci ba, kuma duk zaman da ta yi kusa da shi bai sa ya huce ba.

Mafita ɗaya ce, ya sake gwajin a gaban shaida. Sai dai a wannan ɗumin haidirojin ba ya zama, fita yake yi daga wayar ya bi iska, don haka kowace waya awo ɗaya take bayarwa ta zama fanko. Ga shi kuma haidirojin na sa ƙarfe ya yi gautsi. Wayoyin da ya zare daga wannan narki suka yi ta karyewa ɗaya bayan ɗaya wajen ɗura musu shi. Ta ƙarshe ce ta tsira. Ya fito da ita daga ruwan ɗuri da hantsaki, ya jefa ta cikin filas don sanyi ya ɗaure abin da ke cikinta. Ya juyo yana dariya kamar yaro.

"Ranar Litinin, Auta. Ki sa kaya masu kyau."

Ranar Asabar ya faɗi a ƙofar banɗaki.

A asibiti aka ce zuciya ce. Ta ɗauka kwana biyu za su yi. Filas kuwa in an cika shi yakan kai mako, don haka ba ta sa shi a rai ba. Kwana biyu suka zama mako, mako ya wuce. Wata rana da hantsi ya buɗe ido, ya ja robar iska daga bakinsa, ya ce da wata murya da ba ta san shi da ita ba, "Kin zuba wa filas?"

Ta dubi leɓɓansa da suka bushe, ta dubi layin da ke tsalle a allon da ke saman kansa.

"Na zuba," in ji ta.

Ya lumshe ido, fuskarsa ta saki. Ta miƙe da niyyar fita ta kira wani a sashen, sai na'urar asibitin ta fara kuka, ma'aikata suka shigo da gudu suka ture ta gefe. Daga nan filas ya fice mata daga kai. Bai sake magana mai tsawo ba. Da ta samu kanta ta je ɗakin gwaji bayan an yi jana'iza, ta ɗaga murfi, ba tururi. Ta zura hannu ba safa, cikin filas ɗin ɗumi yake kamar kofin da aka gama shan shayi. Ba ta san tun yaushe ya bushe ba. Ta cika shi, ta rufe, ba ta gaya wa kowa ba.

Tun daga ranar take shayar da shi. Ta san lissafin sarai, aikinta ne: a ɗumin ɗaki haidirojin na zurarewa a hankali, ba kamar a ɗumin jiki ba, amma yana zurarewa. Ko akwai saura, ko wayar fanko ce, ba wanda ya sani. Muddin ba a auna ba, to yana iya yiwuwa yana nan, kuma abin da ta gaya masa a asibiti bai gama zama ƙarya ba.

Yayarta, wadda ta rufe shagon ɗinkinta ta dawo gidan don kada Auta ta zauna ita kaɗai, ba ta san wannan ba. Abin da ta sani shi ne ƙanwarta na fita da sassafe ba ta karya ba.

"Yau ma jaririn ne?" ta tambaya wata Alhamis, tana shafa wa burodi man shanu. "Wannan yaro naki ba a yaye shi ne? Har yanzu bai fara rarrafe ba?"

"Yaya, don Allah."

"Don Allah me? Zauna ki sha shayi. Kin ga wuyanki kuwa? Rigar nan ni na ɗinka ta, na san inda take kama ki da. Yanzu kamar an rataye ta a ƙusa."

Auta ta zauna ta kurɓi shayin don a zauna lafiya. Tabaran mijinta na nan a kan firji inda ya ajiye shi daren Juma'a kafin ya faɗi, an naɗe ƙafa ɗaya da zaren waya. Yaya takan goge ƙurar da ke kewaye da shi ba ta taɓa shi.

"Ni ban yi karatunku ba," in ji Yaya, muryarta ta sauka. "Amma in mutum ya ba ni yadi ya ce in ɗinka, ba na ajiye shi a akwati in yi ta fesa masa turare. Me ya ce ki yi da abin nan? Ki adana?"

"Cewa ya yi mu auna."

"To?"

"In na auna ya ƙare, Yaya. Sau ɗaya ake yi."

Yaya ta tura mata burodin gabanta. "Ci. Ko kuka ma sai da ƙarfi ake yi."

A ranar ne Auta ta tarar da Farfesa zaune a kujerar Mai Lilo tana jiranta. Tsohuwa ce gajeriya mai ciwon gwiwa, ita ta koyar da su duka biyun, kuma ita kaɗai ce a sashen take iya ce masa ya rufe mata baki ya rufe. Hawan benen nan wahala ne gare ta, don haka Auta ta san ba gaisuwa ce ta kawo ta ba.

"Mama, da kin aiko na sauko."

"Da na aiko da kin ɓuya. Zauna, 'yata." Ta nuna bututun da sandarta. "Ƙarshen wata za a kwashe mu zuwa sabon gini. Wannan abin sai an kwance shi gunduwa-gunduwa kafin ya fita ta ƙofar can. In an sake ɗaura shi, ba na'urar da ya ga tozonsa da ita ba ce kuma. Duk abin da kika samu, masu bakin nan za su ce ai an ɗaure notin ne ko an kwance wani. In za a wanke shi, a nan za a wanke shi, kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya."

"Ban shirya ba."

"Ba za ki taɓa shiryawa ba. Ni mijina ya fi shekara ashirin a ƙasa, har yau ban shirya ba. Ranar Litinin zan hau benen nan in zauna in zama shaida. Gwiwata ba za ta yarda in hau sau biyu ba, kada ki sa in yi asarar hawa."

Auta ta so ta gaya mata filas ɗin ya taɓa bushewa, amma ta fasa.

Ranar Litinin ta tsaya gaban madubi ta daɗe. Sannan ta ciro shuɗiyar rigar da mijinta yake so ta sa. Yaya ta gan ta ta fito, ba ta yi tsokana ba, ta gyara mata wuyan rigar kawai ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Autar Inna."

Sun fara da hantsi. Farfesa ta sa aka kawo mata sifana, ta bi kowane noti na na'urar da hannunta, tana nishi tana tsaki. "Wannan don wancan tsohon mai baki," in ji ta a kan kowane ɗaya. Suka sanyaya bututun tukuna har raɓa ta daskare a jikinsa ta yi fari. Abin da ya rage shi ne a fito da wayar a ɗaura ta, kuma wannan aikin gaggawa ne, don duk daƙiƙar da ta yi a iska hasara ce.

Auta ta jawo kwandon. Tururi ya rufe mata fuska, da ya washe sai ga wayar, fara fat da ƙanƙara, da ɗan lanƙwasa a ƙarshe inda hantsakinsa ya kama ta. Ba ta taɓa ganinta ba tun ranar. Ta cire safar dama, don safa ba ta iya ɗaure ƙaramin noti. Sanyin ya cije ta a yatsu kamar wuta, ba ta saki ba. Ta ɗaure sama, ta ɗaure ƙasa, ta rufe bututun, ta tayar da famfon da ke zuƙe iska. Sai a lokacin ta ga fatar yatsunta biyu ta yi fari.

"Shi ma haka yake yi, wawan yaro," in ji Farfesa, tana miƙa mata hankici. "Kun dace."

Auta ta danna maɓalli. Sandar ta murɗa ta saki, ɗigon haske ya fara zarya, dama, hagu, dama. A matsanancin sanyin nan wayar ta daɗe tana lilo, don komai na cikinta a daskare yake. Kwamfuta ta ɗiga ɗigo na farko a ƙasan allo. Hita ta ƙara ɗumi kaɗan, aka sake murɗawa, wani ɗigon ya fito kusa da na farko. Haka za a yi ta yi, a hankali, har rana ta karkata.

Tozon farko shi zai faɗi gaskiya. Tsawonsa ne ke nuna yawan haidirojin da ke cikin waya, kuma tun kafin a fara Farfesa ta sa farce a allon ta ce nan ya kamata ya kai, in an yi la'akari da yadda Mai Lilo ya ɗura ta. Auta ta ƙura wa wurin ido. Ɗigogin suka yi ta tafiya a kwance. Sannan ɗaya ya ɗan ɗaga, na bayansa ya fi shi, ɗigon haske a ma'auni ya fara saurin gajiya. Akwai saura! Ta dafe ƙirji. Layin ya hau, ya hau, zuciyarta na binsa, sai kuma ya tsaya ya fara gangara, ko kwatan inda farcen ya nuna bai kai ba.

Famfo na ta gurnani. Farfesa ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta sake duba allon.

"Filas ɗin ya taɓa bushewa," in ji ta.

"Eh."

"Lokacin asibiti."

Auta ta gyaɗa kai. Hawayen da ta yi watanni tana riƙewa suka ɓalle, suna ɗiga a shuɗiyar rigar. "Ya tambaye ni, Mama. Na ce masa na zuba."

Tsohuwar ba ta rarrashe ta ba. Ta bar ta ta yi kukanta, sannan ta buga sanda a ƙasa. "Ji nan. Da kin bar yaron nan a gado kin zo kina zuba wa kwalba ruwa, da ni da kaina zan kore ki daga sashen nan. Kin ji ni? Share fuskarki, aiki bai ƙare ba." Muryarta ta yi laushi. "Amma zan gaya miki gaskiya. Da wannan ɗan abin da ya rage, ko tozonsa na nan, zai fito ƙarami ƙwarai. Ba lalle ya isa rufe bakin kowa ba. Har yanzu muna cikin sanyi, ba abin da ya fita. In kina so mu tsaya nan, ki mayar da ita filas, ki tafi da ita sabon gini ki ci gaba da ajiyarki. Ba wanda zai ce miki komai."

Auta ta dubi filas ɗin a kusurwa, murfinsa a buɗe, tururi na fita a hankali. Za ta iya. Litinin da Alhamis, mazurari da safa, har ta tsufa. Ɗan abin da ya ɗura da hannunsa zai zauna a daskare, ba ya motsi, ba ya tsalle, ba ya cewa komai. Ta tuna mijinta a kujerar nan yana kaɗa ƙafa, mutumin da ko layin burodi ba ya iya tsayawa. Wata irin kunya ta kama ta, kamar ta kulle shi a ɗaki ta tafi da makulli.

Ta miƙa yatsun da suka ƙone ta ƙara wa hita wuta.

Ƙanƙarar jikin bututun ta narke, ruwa ya riƙa ɗiga a tire. Rana ta zagayo ta shigo ta taga ta kwanta a kan benci. Layin ya koma ƙasa ya miƙe, ya wuce sanyin firji, ya wuce sanyin ruwan randa, ya iso ɗumin ɗaki. Daga nan Auta ta san abin da ke faruwa a cikin bututun ko da ba ta gani: ƙananan ƙwayoyin sun farka, suna bin lungu-lungu zuwa bakin waya, famfo na zuƙe su yana watsarwa ta bututun bayan taga. Tsere ake tsakanin fitarsu da isowar ɗumin da mijinta ya ce.

Ta daina kallon allo, ta koma kallon ɗigon haske. Ta fi shekara biyar tana kallonsa tare da shi, ta san tafiyarsa kamar yadda ta san takun mijinta a bene. Dama, hagu, dama, hagu. A murɗawa ta gaba sai ta ga kamar ya gajarta da wuri. A ta bayanta ma haka, kamar wani ya ɗora yatsa a hankali a kan sandar.

"Mama."

"Na gani. Yi shiru."

A allon, ɗigo ya ɗaga kaɗan. Na biyu ya ɗara shi, na uku ya tsaya daidai da na biyu. Auta ta kai tafin hannunta jikin bututun ba ta san ta yi ba. Ɗumi ne na goshin mai lafiya. Ta bar hannun a wurin, ɗigon haske na zuwa yana mutuwa da wuri, yana zuwa yana mutuwa, ita kuma tana cewa a ranta, ga ni, ga ni, na sa rigar. Sannan ɗigo na gaba ya sauka, na bayansa ya fi shi sauka, layin ya koma ya kwanta.

Tozon bai fi kumburin cizon sauro ba. Farfesa ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa allon, ta daɗe a haka.

"A daidai inda ya ce," in ji ta a ƙarshe. "Ɗan banza, a daidai inda ya ce." Ta ja hanci. "Amma in na ce miki wannan zai ishi wancan tsohon, na yi miki ƙarya. Zai ce ƙura ce. Ni na gani, ke kin gani. Sauran duniya sai an sake narki, an sake zare waya, an sake ɗuri. Shekara guda ko fiye, kuma da hannunki."

"Na sani."

"Saura awo na biyu. Kin san ƙa'ida."

Ta sani. Dole a sake bin wannan ɗumin da wayar, yanzu da ta zama fanko. In tozon ya sake fitowa, to noti ne, dattijon ya yi gaskiya. In bai fito ba, haidirojin ne ya yi shi. Abin da za ta roƙa ke nan yanzu da bakinta, kada ta sake ganin komai.

Suka bar wayar ta gasu, suka bar ta ta huce, suka sake hawa. La'asar ta yi, inuwar taga ta hau bango. Layin ya iso ɗumin jiki ya wuce a miƙe kamar an ja shi da rula.

"Alhamdu lillahi," in ji Farfesa, sannan ta rufe bakinta da hannu, don ta ga fuskar Auta.

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta dafa kafaɗarta ta matsa sau ɗaya, ta fita. Auta ta ji sandarta na sauka bene mataki-mataki har sautin ya ɓace.

Ta kashe hita, ta kashe famfo. Ɗakin ya yi tsit. Ta je kusurwa ta ɗauki filas ɗin, ta karkata shi a ƙasa, sauran ruwan ya bazu a tayil yana rawa yana ƙara, ya ɓace. Ta kife shi a kan benci ta ɗora mazurarin a kai.

Har ta ɗauki jaka sai ta dawo ta danna maɓallin sau ɗaya. Sandar ta murɗa ta saki. Ɗigon haske ya tafi dama ya dawo hagu, ya tafi ya dawo, da faɗinsa, ba alamar gajiya, don ba sauran abin da zai riƙe shi a cikin wayar. Ta zauna a kujerarsa, ta sa yatsun da suka ƙone a baki, tana jira ya tsaya. Maigadi ya zo ya leƙa ya ce za a rufe gini, ta ce masa ya ɗan ƙara mata lokaci. Ya dubi fuskarta, ya dubi hasken da ke zarya a bango, ya ja ƙofar a hankali ya tafi.